Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kada A Yi Gwanjon Kwamfutocin Ɗalibai

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni fili a wannan mujalla tamu mai farin jini domin in mai da martani ga waɗansu shugabanninmu da suka miƙe a babban taron ƙungiya na zangon da ya wuce, suka shaida wa jama'a cewa kwamfutocin da ke ɗakin aikin ɗalibai sun tsufa, ba su da sauran amfani, don haka sai a yi gwanjonsu a ba da kwangilar sababbi da kuɗin harajin da aka karɓa daga hannunmu. Ina zaune a wurin sa'ad da aka faɗi wannan magana, na kuwa ga yadda aka yi ta tafi kamar an yi mana bushara da aikin hajji. Na ɗaga hannu har ya gaji, shugaban taro bai dube ni ba. To, abin da aka hana baki ya faɗa, alƙalami zai rubuta.

Maganata ɗaya ce, ba ni kuwa da niyyar yin kwana-kwana a kanta. Yawancin waɗannan injuna ba su mutu ba. Abin da suka rasa ɗan kaɗan ne, kuma ana sayar da shi a kasuwa. Waɗanda ake aikin zane da haɗa hoto a kansu suna bukatar katin hoto matsakaici, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik kad, tare da akwatin wutar da zai iya ɗaukarsa. Sauran, waɗanda ake bugun rubutu da duba littattafai da su, ko wannan ma ba su bukata. Duk wanda ya ce sai an zubar da su gaba ɗaya, ko dai bai taɓa kwance murfin kwamfuta ya leƙa cikinta ba, ko kuwa akwai abin da ya hango a cikin kwangilar wanda mu ba mu hango ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Gani ya kori ji

Ni ɗalibi ne a sashen zanen gine-gine, aji uku. Kwamfutar da nake aiki da ita kawuna ne ya ba ni lokacin da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Ƙwaƙwalwar da ke cikinta, watau furosesa, ita ce Core i7-4790 ta kamfanin Intel, wadda ta fito a shekarar 2014, lokacin ina firamare. Da na shiga aji biyu aka fara ba mu aikin fitar da hoton gini da inuwarsa da haskensa, sai na ga ta kaina. Nakan saka hoto ɗaya bayan sallar isha'i, in kwanta, in farka da asuba in tarar bai gama ba, ko kuwa in tarar an ɗauke wuta da tsakar dare aikin ya tafi a banza. Abokaina suka ce in sayar da ita ga 'yan gwangwan in huta.

Ban sayar ba. Na yi hutu biyu ina aikin awo da zane a ofishin wani magini, na tara abin da na tara, na sayi katin hoto na hannu, GeForce RTX 3060, na soka mata. Hoton da ke cin awa shida a manhajar Blender ya koma minti ashirin ko ƙasa da haka. Akwatin bai sake ba, furosesan bai sake ba, allon kallo ma shi ne na kawu mai tabo a kusurwa. Duk mai shakka ya zo ɗakina a ɗakunan kwanan maza, ƙofa a buɗe take, ya zo da agogonsa.

Domin kada a ce tsafi na yi, bari in bayyana dalilin. Furosesa kamar gwanin magini ne wanda ya iya kowane irin aiki mai wuya, amma hannuwansa kaɗan ne. Nawa hannu huɗu gare shi. Katin hoto kuwa kamar gayya ce ta ɗaruruwan 'yan ƙwadago, kowannensu ƙaramin aiki ɗaya ya iya, amma duk a lokaci guda suke yinsa. RTX 3060 yana da irin waɗannan ƙananan ma'aikata 3,584. Fitar da hoto kuwa lissafi ne iri ɗaya da ake maimaitawa a kan ɗigo miliyoyi, watau ainihin aikin gayya. Wanda ya bar gwanin magini shi kaɗai yana jidar bulo alhali ga 'yan ƙwadago a bakin ƙofa, shi ne ya ɓata wa kansa lokaci, kada ya ɗora laifi a kan magini.

Abin da ya sa wannan haɗi ke yiwuwa shi ne gurbin da ake soka katin a jikin babban allon kwamfuta, wanda ake kira PCI Express. An tsara shi tun 2003, an yi masa zubi na uku a 2010, na huɗu a 2017, na biyar a 2019, kuma kowane sabon zubi yana karɓar na baya. Katin da aka ƙera bara yana shiga gurbin da aka ƙera shekara goma da suka wuce, su daidaita a kan saurin da tsohon ke iyawa. Injiniyoyin da suka yi wannan tsari da gangan suka yi shi domin a riƙa sake ɓangare ɗaya a bar sauran. Abin mamaki, masu ƙera abin sun bar mana ƙofar gyara a buɗe, mu masu saye da kuɗin bashi muka ce ba ma so.

Wa ke cin ribar "sai sabo"?

Ya ɗan'uwa mai karatu, wannan ciwo na "sai sabo" ba da shi aka haife mu ba, koya mana aka yi. A gidajenmu an san ɗinkin ƙwarya, an san lilin tukunya, an san mai gyaran rediyo da mai facin taya. A shekarar 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki na duniya, cikinsu har da Osram na Jamus da Philips na Holan, suka haɗu a birnin Janeba suka ƙulla yarjejeniyar da tarihi ya sani da sunan Phoebus, suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, suka kuma sa tara a kan duk kamfanin da ƙwansa ya yi ƙarko fiye da haka. Tun daga wancan zamani 'yan jari-hujja suka gane cewa kayan da ya ƙi mutuwa abokin gabar riba ne.

Yau ba sai an rage ƙarkon ƙarfe ba, da manhaja ake kashe inji. A watan Oktoba na 2021 kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 11, ya gindaya sharaɗin cewa sai injin da ke da na'urar tsaro ta TPM 2.0, da furosesan Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kuma ya janye tallafin da yake ba Windows 10. Da zanen alƙalami ɗaya miliyoyin injuna masu lafiya suka zama "tsofaffi". Kamfanin ya ce don tsaro ya yi, kuma ban ce babu gaskiya a cikin wannan ba. Amma wanda ya yanke hukuncin a birnin Redmond na Amurka bai tambayi ɗalibin Zariya ko na Maraɗi nawa ke aljihunsa ba, kuma ba wajibi ba ne mu karɓi hukuncinsa kamar wahayi.

A nan gida kuwa akwai wani mai cin riba na biyu, wanda ya fi na waje haɗari domin tare muke cin tuwo. Kowa ya san yadda ake yi a ma'aikatu: gyara ba ya kawo kwangila, saye ke kawowa. Idan aka ce a sayi katin hoto goma da akwatin wuta goma, lissafin a fili yake, kowane ɗalibi zai iya zuwa kasuwa ya tambayi farashi. Idan kuwa aka ce a kawo sababbin injuna arba'in, sai a kafa kwamiti, a nemo ɗan kwangila, a yi bikin ƙaddamarwa da lemo da ɗaukar hoto, tsofaffin kuma a yi gwanjonsu a asirce a kan kuɗin goro, su ɓulla a shagon wani bayan mako biyu an goge musu ƙura. Ban kama hannun kowa a cikin jaka ba, don haka ba zan ambaci sunan kowa ba. Amma abin kunya ne ƙungiyar da ke fita zanga-zanga kan almubazzarancin gwamnati ta koyi wannan darasi tun kafin shugabanninta su karɓi takardar digiri.

Mu yi lissafi

Katin hoto matsakaici ba araha gare shi ba, kada wani ya ce na ruɗe shi. RTX 3060 ya fito a Fabrairun 2021 a kan dala 329. RTX 4060 ya biyo baya a Yunin 2023 a kan dala 299, haka ma RTX 5060 a Mayun 2025. Kamfanin AMD ya fitar da RX 6600 a Oktoban 2021 a kan dala 329, da RX 7600 a Mayun 2023 a kan dala 269. Intel ya shigo da Arc B580 a Disambar 2024 a kan dala 249. Wannan farashin masu ƙerawa ke nan, kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa.

A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A kan wannan farashi, katin dala 299 ya tashi naira 448,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa naira 70,000 ne. Watau ƙaramin ma'aikaci sai ya yi wata shida da ɗoriya bai ci ba bai sha ba kafin ya sayi katin kaɗai. To, idan katin kaɗai ya kai haka, ina ga cikakkiyar sabuwar kwamfuta mai ɗauke da irin wannan kati, wadda kan ninka kuɗinsa sau biyu ko uku? Kuɗin da zai kawo sabon inji ɗaya zai tayar da tsofaffi biyu ko uku. Wannan lissafin ɗan aji huɗu na firamare ne, ba ya bukatar kwamiti.

An ce mana kuma sababbin da za a kawo na tafi-da-gidanka ne, masu kyan gani. Jama'a, ganin kitse ake yi wa rogo. Kwamfutar cinya an liƙe mata katin hotonta a jikin allo da dalma, ba a cirewa ba a sakewa. Ranar da ya gaza, injin duka ya gaza. Kuma abin da ke shiga jakar goyo, ba sai na faɗi yadda yake yin ƙafa a ɗakin da ɗalibi ɗari ke shiga a wuni ba. Za mu ba da abin da ake gyarawa mu karɓi abin da ba a gyarawa, mu kuma biya ciko.

Ina gawar take zuwa?

Akwai wata tambaya da ba a yi ba a taron: idan an zubar, ina suke tafiya? Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin ɗari da 'yan kai kawai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Sauran wani ya tafi juji, wani ya hau jirgin ruwa ya nufo ƙasashe irin namu da sunan kayan hannu. Wanda ya san kasuwar Alaba ko ta kwamfuta a Ikeja ya san yawan abin da ake saukewa da bai taɓa kamawa ba. A Agbogbloshie ta birnin Akara, kafin hukuma ta rushe wurin a 2021, samari ne, yawancinsu 'yan arewacin Gana, ke ƙona wayoyi domin su fitar da jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin dalma. Irin wannan hayaƙi yana tashi a bayan garuruwanmu ma, 'ya'yan talakawa ne kuma ke shaƙarsa.

Iyayenmu sun tuna shekarar 1988, lokacin da aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya suna cikin waɗanda suka fara tona asirin. Abin kunyar ya taimaka wajen ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, ƙasashen Afirka kuma suka yi tasu a Bamako a 1991. Ɗaliban wancan zamani sun hana a mai da ƙasarsu juji. Mu kuwa za a rubuta cewa da hannunmu muka ƙara wa jujin injuna arba'in masu rai, muna tafi.

Ku dubi kuma yadda masu ƙera kayan ke yi a gidajensu. Faransa ta wajabta tun Janairun 2021 a riƙa liƙa wa waɗansu kayan lantarki makin da ke nuna sauƙin gyaransu. Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024. Masu arziki sun koma faci, matalauci ya ce shi ya fi ƙarfin faci.

Gaskiyar da ke wajen abokan gardamata

Ba zan yi musu irin abin da suka yi mini ba. Suna da hujjoji, waɗansu kuwa masu nauyi ne, kuma duk wanda zai bi shawarata wajibi ne ya san su, kada garin neman gira ya rasa ido.

Hujja ta farko ita ce wuta, kuma ni kaina na sha a kanta. Ranar da na kawo katina, ɗoki ya hana ni duba akwatin wutar da ke cikin injin, na haɗa da wata wayar jona-jona da mai shago ya ba ni kyauta. Ban yi minti goma da fara aiki ba sai na ji ƙauri, allo ya yi baƙi. Allah Ya taimake ni akwatin wutar ne kaɗai ya ƙone. Ga abin da na koya da kuɗina. Gurbin PCI Express wat 75 kawai yake bayarwa. Abin da ya wuce haka sai ta wayar musamman, mai baki shida tana ba da wat 75, mai baki takwas wat 150. RTX 3060 yana shan wat 170, RX 7600 wat 165, RX 6600 wat 132, RTX 4060 wat 115. A haɗa da wat 84 na furosesa irin nawa da abin da sauran kayan ke sha, sai a ga akwatin wat 240 irin na injunan ofis ba zai iya ba. Sai an sa mai wat 500 ko 550 na kirki, a kuma guji marar suna mai nauyin takarda, domin araha ba ta ado. Waɗansu injunan ofis ƙanana ne, akwatin wutarsu kuma na musamman ne da ba a sakewa cikin sauƙi. Irin waɗannan sai kati gajere marar bukatar waya, kamar GTX 1650 na 2019 ko RTX 3050 mai gigabait 6 na 2024, waɗanda wutar gurbi ke isar su. A auna tsawon akwati da faɗinsa da ma'auni kafin a biya kuɗi.

Hujja ta biyu, sun ce tsohon furosesa zai riƙe wa sabon kati ƙafa. Haka ne, a wani aikin. Idan furosesa ba ya iya shirya aiki da saurin da katin ke gamawa, katin zai zauna jira. Wannan ya fi bayyana a sababbin wasannin kwamfuta masu nauyi. A aikin fitar da hoto da tace bidiyo, inda katin ke ɗaukar kusan dukan kayan, asarar kaɗan ce. Darasin da ke ciki shi ne daidai ruwa daidai tsaki: shi ya sa na ce matsakaici. Wanda ya soka katin dala dubu a injin 2014 ya ɗaura wa jaki sirdin zinariya.

Hujja ta uku ta fi ɓuya. Ba kowane sabon kati ne ke jituwa da tsohon allo ba. Cikakken gurbi layi 16 gare shi, amma RTX 4060 da RX 6600 da RTX 5060 layi 8 kawai suke amfani da shi, don haka a tsohon gurbi zubi na uku hanyarsu ta rage zuwa wajen gigabait 8 a daƙiƙa. Yawancin lokaci ba a jin wannan sosai, sai ma'ajiyar katin ta cika. RX 6500 XT na 2022 kuwa layi 4 gare shi da ma'ajiya gigabait 4, a tsohon allo yana shan wuya ƙwarai, a guje shi. Katunan Arc na Intel suna bukatar wata dabara mai suna Resizable BAR, wadda kamfanin ya ce sai furosesansa zubi na goma ko Ryzen 3000 zuwa sama. Duk arahar B580 da ma'ajiyarsa gigabait 12, ba na tsohon inji ba ne. Abin da ya sa na zaɓi RTX 3060 ke nan: layinsa 16 ne cif, ma'ajiyarsa gigabait 12, ga mai zanen gini kuwa faɗin ma'ajiya ya fi ɗan ƙarin gudu amfani.

Hujja ta huɗu ita ce ta Windows, wadda na ambata. Injin da ba ya samun gyaran tsaro haɗari ne idan yana kan intanet. Amma akwai mafita fiye da ɗaya. Microsoft ɗin da kansa ya buɗe wa makarantu ƙarin wa'adi na shekara uku a kan dala 1 a shekarar farko, dala 2 a ta biyu, dala 4 a ta uku ga kowane inji. Shin wani a cikin shugabanninmu ya tambayi hukumar makaranta ko ta nema? Sa'an nan ga Linux, irin su Ubuntu da Mint, kyauta ne, suna samun gyaran tsaro, Blender kuma yana gudu a kansu lafiya lau. Na yarda AutoCAD da Revit ba su da zubin Linux. To, a ware injunan da suka cika sharaɗin Windows 11 a ba masu wannan aiki, in ba su isa ba a sayi sababbi biyar ko shida. Ban taɓa cewa kada a sayi sabo ko ɗaya ba. Cewa na yi kada a yanka garke duka saboda akuya uku sun yi gurgunta.

Hujja ta biyar, kayan hannu. A 2021 masu haƙar kuɗin intanet sun wawashe katunan duniya har farashi ya ninka. Da tsarin Ethereum ya daina amfani da katin hoto a Satumbar 2022, sai suka juye su a kasuwa, waɗansu sun yi shekara biyu suna ci dare da rana. Ba dukansu ne suka lalace ba, amma kada a saya a cikin kwali. A sa shi a inji a gaban mai shago, a ɗora masa aiki mai nauyi na rabin awa, a duba zafinsa, a saurari fankarsa, a ga ko allo na fitar da ɗige-ɗige. Kuɗin ƙungiya kuwa, tun da amana ne, a sayi sabo mai takardar garanti. Kuma a ƙasar da wuta ke zuwa da hauka ta tafi ba sallama, duk wanda ya sa kati bai sa sitabilaiza da batirin tsaro ba, sadaka ya yi wa mai shago.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikata

Na san wannan mujalla tana shiga sakatariya, yayyenmu da suka gama bara da bara waccan suna karantawa. Ku ne ke rubuta takardar farko da ke cewa inji "ba ya gyaruwa", manya sa hannu kawai suke yi. Kafin ka rubuta wannan kalma, ɗan'uwa, ka sa a kwance murfin. Sau da yawa abin da ke sa injin ofis nawa tsohon faifan ajiya ne mai juyawa. A sake shi da SSD, a ƙara ram zuwa gigabait 8 ko 16, a hure ƙura, a sake man da ke kan furosesa, sai ka rantse sabo ne. Ofishin safiyo da na tsara birane da gidan talabijin su ne masu bukatar katin hoto, su ma kati suke bukata, ba sai an kawo tirela ba. Ran da ka ceci inji goma daga gwanjo ba wanda zai ba ka lambar yabo, wataƙila ma wani ya harare ka. Amma kuɗin da ka tsare na asibitin garinku ne da makarantar ƙannenka.

Abin da muke nema

Saboda haka ina kira ga majalisar wakilan ɗalibai da ta dakatar da maganar gwanjo nan take. A kafa ƙungiyar ɗalibai daga sashen kimiyyar kwamfuta da na injiniyan lantarki, tare da ma'aikacin fasaha ɗaya na makaranta, su buɗe injunan ɗaya bayan ɗaya, su rubuta furosesan kowanne da ƙarfin akwatin wutarsa da irin gurbinsa, a liƙa takardar a allon sanarwa kowa ya gani. A kasa su kashi uku: masu bukatar SSD da ram kawai, masu cancantar katin hoto da sabon akwatin wuta, da waɗanda suka mutu da gaske, su kuma a cire kayan jikinsu a ajiye domin gyaran sauran. A nemo farashi daga shaguna uku, a karanta a gaban taro. In bayan wannan duka lissafi ya nuna sayen sababbi ya fi sauƙi, ni ne zan fara miƙewa in nemi gafara a wannan shafi.

Akwai kuma ribar da ba ta shiga lissafin naira. Ɗalibin da ya kwance inji ya ɗaura da hannunsa ya koyi abin da allo da alli ba za su koya masa ba. Muna kukan cewa ƙasarmu ba ta ƙera komai, kuzar Jos ta tafi Turai ta dawo mana a jikin kayan da ba mu san yadda aka haɗa su ba. To, al'ummar da ke jin tsoron sukurdireba yaushe za ta ƙera? Wanda bai iya gyara ba ba zai iya ƙira ba, kuma jami'ar da ke yaye injiniyoyi amma take kiran ɗan kwangila domin ya sake mata abin da ɗalibanta za su iya tayarwa a yammacin Asabar guda, ta yi wa kanta shaida.

Shugabanni, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu muka zaɓe ku, kuɗin kuwa na iyayenmu ne, waɗansu sai da suka sayar da buhun gero kafin su biya. Taro na gaba zan zo da sukurdireba a aljihu da katina a hannu. A ba ni inji ɗaya daga cikin waɗanda aka ce sun mutu, a ba ni rabin awa, jama'a su yi hukunci da idonsu.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.